Asibitin gwamnati ko inshorar kamfani: tambayoyi da amsoshi kan kuɗin jinya da layin jira

Da wuya a yi zaman hira kan kiwon lafiya a tashi ba a jawo Birtaniya da Amurka ba. Mai goyon bayan gwamnati zai ce a Amurka mutum kan tsiyace saboda kuɗin asibiti. Mai goyon bayan kamfanoni ya mayar masa da cewa a Birtaniya sai ka shekara kana jiran tiyata. Kowannensu ya faɗi gaskiya, sai dai rabin labarin ya ɗauko. Tambayoyin nan su ne suka fi yawo a bakin ɗalibai masu shirin fita karatu, da ma'aikatan jinya da suka samu aiki a waje, da ma'aikatan gwamnati a gida waɗanda ake yankar albashinsu duk wata da sunan inshora.

1. Wai a kan me ake musun ne takamaimai?

Abu biyu ake cakuɗawa: wanda ke biyan kuɗin, da wanda ya mallaki asibitin. A Birtaniya gwamnati ce ke biya daga haraji, kuma yawancin asibitocin nata ne. A Kanada gwamnatin kowane lardi ce ke biya, amma galibin likitocin zaman kansu suke yi, su duba mara lafiya su aika wa gwamnati lissafi. A Jamus, tun dokar shugaban gwamnati Bismarck ta 1883, asusun jinya ne da ba don riba aka kafa su ba suke biya, kuma kusan mutum tara cikin goma a ƙarƙashinsu suke. A Holan da Suwizalan kamfanoni ne ke sayar da inshorar, amma doka ta tilasta wa kowa ya saya, ta kuma hana kamfani ƙin karɓar kowa. Amurka kuwa ta tsakuro kaɗan daga kowanne (duba tambaya ta 4).

Don haka in wani ya ce maka "tsarin gwamnati" ko "tsarin 'yan kasuwa", fara tambayarsa wace ƙasa yake nufi. Sau da yawa daga nan musun ke raguwa.

2. Yaya inshorar lafiya take aiki, kuma me ya sa ake maganar tilasta wa mutane shiga?

Karo-karo ne. Jama'a da yawa su riƙa zuba kuɗi kaɗan-kaɗan, a biya wa 'yan tsirarun da ciwo ya kayar a wannan shekarar. Bambancinsa da adashe shi ne a adashe kowa ya san ranar kwasarsa, a nan kuwa wanda bai kwasa ba shi ne mai hamdala.

Matsalar tana fitowa ne idan aka ce shiga ganin dama ce. Matashi mai jini a jika zai ce me zai yi da ita, mai ciwon suga da mai hawan jini su yi tururuwa. Asusun ya cika da masu kwasa, kuɗin zubi ya tashi, ragowar masu lafiyar su ma su zame. Kamfani kuma ba zai zauna ya yi asara ba, sai ya fara tace mutane: mai tsohon ciwo a hana shi, ko a tsawwala masa. Haka aka yi ta yi a Amurka har zuwa 2014. Shi ya sa ƙasashen da suka shigar da kowa da kowa suka bi ta tilas, ko dai tilas ta haraji kamar Birtaniya, ko tilas ta sayen inshora kamar Holan tun 2006.

3. Da gaske ne magani kyauta ne a Birtaniya?

Kyauta ne a bakin ƙofar asibiti, ba a aljihu ba. An buɗe hukumar lafiya ta NHS ranar 5 ga Yulin 1948 a ƙarƙashin ministan lafiya Aneurin Bevan, wanda shi kansa tsohon mahaƙin kwal ne daga yankin Wales. Ƙa'idarta ita ce a duba mutum gwargwadon ciwonsa, ba gwargwadon abin hannunsa ba. Ka ga likita, a ɗauke ka a motar asibiti, a yi maka tiyatar zuciya, ka kwana goma a gado, ranar sallama babu wanda zai miƙo maka takardar biya. An riga an cire kuɗin daga albashi da sauran haraji tun kana da lafiya.

Akwai abubuwan da ake biya. A Ingila kowane magani da likita ya rubuta ana biyan fam 9.90 a kemis, ko da ainihin kuɗinsa ya ninka haka sau ɗari, kuma an yafe wa yara da masu juna biyu da waɗanda suka kai shekara 60. A Sikotilan da Wales da Ireland ta Arewa ba a biyan ko kwabo. Haƙori da tabarau ana biya, kuma samun likitan haƙori mai karɓar majinyatan NHS ya zama aiki ja a garuruwa da dama. Rigimar ba ta yau ba ce: Bevan da kansa ya ajiye muƙaminsa a 1951 saboda an sa kuɗi a kan haƙoran roba da tabarau. Baƙi kuma da nasu lissafin daban, yana tambaya ta 17.

4. To a Amurka fa, kowa kamfani yake biya?

A'a. Kimanin rabin jama'a ne ke samun inshora ta wurin aikinsu. Abin ya samo asali ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da gwamnati ta hana ƙarin albashi, sai masana'antu suka koma jan ma'aikata da alkawarin biyan kuɗin asibiti, daga baya kuma aka yafe wa wannan kuɗi haraji. Illar ita ce ranar da aiki ya tafi, inshora na iya binsa.

Sauran kuwa da yawansu a hannun gwamnati suke. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar da ta kafa Medicare don masu shekara 65 zuwa sama, da Medicaid don masu ƙaramin ƙarfi. Tsofaffin sojoji na da asibitocinsu waɗanda gwamnati ta mallaka ɗungurungum, kamar dai na Birtaniya. A 2010 dokar da ake wa laƙabi da Obamacare ta hana kamfanoni korar mai tsohon ciwo daga 2014, ta bar 'ya'ya a kan inshorar iyayensu har su kai shekara 26, ta kuma faɗaɗa Medicaid. Marasa inshora suka ragu daga wajen kashi 16 cikin ɗari zuwa wajen kashi 8, wato kimanin mutum miliyan 26 a 2023. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2012 ya bar wa jihohi zaɓin faɗaɗa Medicaid, kuma wasu, irin su Texas da Florida, sun ƙi.

5. Ina da inshora a Amurka, me ya sa har yanzu ake turo mini takardar biya?

Domin kuɗin da kake zubawa duk wata kuɗin zama ɗan asusu ne kawai. Yawancin tsare-tsaren na da wani kaso na farko da kai za ka fara biya a kowace shekara kafin kamfani ya sa hannu, bayansa kuma ku raba abin da ya rage. A ɗauki misali: an yi maka tiyatar afendis, lissafi ya kama dala 30,000. Kason farko na tsarinka dala 2,000 ne, naka ne wannan. A cikin 28,000 da suka rage kana da kashi 20 cikin ɗari, wato 5,600. Jimilla 7,600 ke nan daga aljihunka, sai fa in rufin tsarin, wato iyakar abin da za ka biya daga aljihu a shekara, ya gaza haka. Doka ta sa rufi, a 2024 dala 9,450 ne ga mutum ɗaya, amma ga mai ƙaramin albashi wannan ma dutse ne.

Sannan ga batun asibitocin da kamfaninka ya ƙulla yarjejeniya da su. Ka je wanda ba ya cikinsu, lissafi ya canza. A da har takan faru asibitin yana ciki amma likitan da ya sa maka maganin barci ba ya ciki, sai takardarsa ta iso daban bayan makonni. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2022 ta toshe yawancin wannan. Duk da haka cibiyar bincike ta KFF ta ƙiyasta bashin asibiti da ke wuyan Amurkawa da aƙalla dala biliyan 220.

6. Idan aka haɗa komai da komai, wanne ya fi tsada?

A nan babu ja. A 2023 Amurka ta kashe dala tiriliyan 4.9 kan lafiya, kashi 17.6 cikin ɗari na duk arzikin da ta samar a shekarar, wato dala 14,570 kan kowane mutum. Birtaniya tana wajen kashi 11, Jamus wajen 12. Duk da haka tsawon ran Ba'amurke a 2023 shekara 78.4 ne a matsakaici, na ɗan Birtaniya kuwa wajen 81.

Masu cewa "gara Amurka, aƙalla ba a cinye ka da haraji" suna tsallake abu biyu. Na farko, abin da gwamnatin Amurka ke kashewa daga haraji kan lafiyar kowane ɗan ƙasa ya zarce abin da gwamnatin Birtaniya ke kashewa kan nata, alhali ita Birtaniya ta ɗauki nauyin kowa. Na biyu, inshorar iyali ta wurin aiki ta kai dala 25,572 a matsakaici a 2024. Ma'aikaci yakan ga wajen 6,300 ne kawai an cire a takardar albashinsa, ya ɗauka sauran kyauta ce daga maigidansa. Ba kyauta ba ce, albashinsa ne da bai taɓa shiga hannunsa ba.

7. Me ya sa tsadar Amurka ta yi yawa haka? Sun fi kowa zuwa asibiti ne?

Ba su fi ba. Bajamushe ya fi Ba'amurke ganin likita a shekara, ya kuma fi shi kwana a asibiti. Farashi ne ya bambanta. Magani iri ɗaya, hoto iri ɗaya, tiyata iri ɗaya, a Amurka kuɗinsu ya fi, sau da yawa ninki biyu ko fiye. Inda mai saye ɗaya ne, kamar NHS, shi ke da bakin ciniki, domin kamfanin magani ko dai ya sauko ko ya rasa kasuwar ƙasa guda. Inda masu saye suka rarrabu ɗaruruwa, babban asibitin da shi kaɗai ne a gari shi ke yanka farashi. Dokar 2003 ma hana Medicare ta yi ciniki kan farashin magani ta yi, sai a 2022 aka ba ta dama kan wasu magunguna ƙalilan, aka kuma tsayar wa tsofaffin da ke ƙarƙashinta kuɗin allurar insulin a dala 35 a wata.

Sai kuɗin takardu. Kowane kamfani da nasa fom da nasa sharuɗɗa, don haka asibiti na ɗaukar ma'aikata musamman don tura lissafi da jayayya, kamfani shi ma ya ɗauki nasa don tantancewa. Ribar kamfanonin inshora na ciki, amma ba ita ce babbar ba: doka ta wajabta musu kashe kashi 80 zuwa 85 na abin da suka tara kan jinya.

8. Yaya tsawon layin jira yake a NHS?

Ya yi tsawo, kuma masoyan NHS ba su da abin ɓoyewa a nan. Ƙa'idar Ingila ita ce kashi 92 cikin ɗari na masu jira kada su wuce mako 18 tsakanin ranar da likitan unguwa ya tura su da ranar fara magani. Rabon da a cika wannan tun 2016. Kafin annobar korona jerin masu jira na wajen miliyan 4.5, a Satumban 2023 ya haura miliyan 7.7, cikinsu dubban ɗaruruwa sun wuce shekara guda. A sashen gaggawa ƙa'ida ita ce a gama da kashi 95 cikin awa huɗu, ita ma rabonta tun 2015.

Amma layin ba irin na gidan mai ba ne, wanda ya riga zuwa ya riga sha. Da tsananin ciwo ake jerawa. Mai bugun zuciya ko wanda ya yi hatsari ba ya shiga wannan jeri. Masu daɗewa su ne masu yanar ido, gwaiwa, ciwon gwiwa da ƙugu, abubuwan da ba sa kisa nan take amma suna hana mutum sana'a da barci. A ƙasa kuma akwai ƙaramin layi na kullum: da ƙarfe takwas na safe ake buɗe wayar asibitin unguwa, uwa na riƙe da yaro mai zazzaɓi, na'ura na faɗa mata ita ce ta ashirin da wani abu a layi, kafin a ɗauka an ce guraben yau sun ƙare, a kira gobe.

9. Ke nan duk inda gwamnati ta riƙe lafiya dole a yi layi?

Tarihin NHS ɗin kansa bai yarda da haka ba. A shekarun 1990 mutane kan jira fiye da shekara. Gwamnatin Tony Blair ta zuba kuɗi sosai, ta ƙara ma'aikata, ta sayi ayyukan tiyata daga asibitoci masu zaman kansu, zuwa 2008 aka cim ma ƙa'idar mako 18. Bayan 2010 aka tsuke bakin aljihu, ƙarin kasafin ya koma ƙasa da abin da aka saba alhali tsofaffi na ƙaruwa, layi ya dawo. Tsarin bai canza ba a duk tsawon lokacin nan, kuɗi da ma'aikata ne suka hau suka sauka.

Lissafin gadaje ma na magana. Birtaniya na da gado wajen 2.4 ga kowane mutum dubu, Jamus kusan 8. Ƙari a kan haka, a kowace rana dubban gadaje a Ingila na riƙe da tsofaffin da likita ya sallama amma babu mai kula da su a gida. Na kan gado bai fita ba, na sashen gaggawa bai hau ba, motar asibiti ta tsaya a waje da nata majinyacin. Kanada ma na fama da dogon jira, amma Taiwan, wadda gwamnati ce kaɗai mai inshora a cikinta tun 1995, an san ta da saurin ganin likita. Gaskiyar da ke cikin zargin ita ce inda kasafi ke hannun 'yan siyasa, matse shi ba wuya, kuma layi ne wurin da matsin ke fitowa.

10. A Amurka babu jira ke nan?

Mai inshora mai kyau a babban birni zai sami tiyatar gwiwa da ganin ƙwararren likita da wuri fiye da takwaransa na Ingila ko Kanada. Wannan gaskiya ne. Sai dai akwai jiran da ba ya shiga kowane jeri: wanda ya ji ƙullutu a jikinsa ya ce bari wata ya ƙare, wadda ke raba ƙwayar maganinta biyu don ta kai ta albashi. A binciken jin ra'ayi aƙalla babba ɗaya cikin huɗu a Amurka kan ce ya ɗage ko ya fasa neman magani saboda kuɗi. Babu ofishin da ke ƙirga makonninsu, shi ya sa ba sa fitowa a muhawara.

Dokar 1986 ta wajabta wa asibitoci karɓar duk wanda aka kawo cikin halin gaggawa, da kuɗi ko babu. Amma aikinsu su daidaita shi ne kawai, takardar biya kuma na biyo shi gida, kuma dokar ba ta ɗauke masa maganin sankara na wata da watanni ba. Don adalci kuma, ɓangaren gwamnati na Amurka shi ma ya taɓa jin kunya: a 2014 aka gano ana ɓoye ainihin jerin masu jira a asibitin tsofaffin sojoji na Phoenix, har sakataren ma'aikatar, Eric Shinseki, ya yi murabus.

11. Wa ke da ikon cewa ba za a ba ni wani magani ba?

A kowane tsari akwai mai cewa a'a, fuskarsa ce ke bambanta. A Ingila hukumar NICE, wadda aka kafa a 1999, ke auna sabon magani: nawa zai ci, kuma shekara nawa ta rayuwa mai inganci zai ƙara. Ta yi shekaru da yawa tana amfani da ma'aunin fam 20,000 zuwa 30,000 kan kowace irin wannan shekara. Maganin da ya zarce haka sosai akan ƙi shi har sai kamfanin ya rage kuɗi, kuma an sha yin zanga-zanga kan magungunan sankara. Abin da za a yaba mata shi ne a fili take yi, dalilanta a rubuce, hukuncin kuma ɗaya ne ga attajiri da talaka.

A Amurka kamfanin inshora ne ke cewa a'a, ta hanyar sharaɗin neman izininsa kafin a yi wasu gwaje-gwaje ko tiyata. Likita ya rubuta, kamfani ya ce bai ga larura ba, a shiga ɗaukaka ƙara. Ana yawan samun nasara in an ɗaukaka, amma kaɗan ne ke da ƙarfin bi, domin mai jinya ba shi da lokacin zaman waya.

12. In aka ce kyauta ne, ai mutane za su cika asibiti da ciwon kai da mura?

An gwada wannan a aikace. Cibiyar RAND a Amurka ta raba dubban iyalai ta hanyar ƙuri'a daga shekarun 1970 zuwa 1982, wasu kyauta, wasu da biyan kaso. Masu kyauta sun yi amfani da asibiti fiye da masu biyan kaso mai yawa da wajen kashi 30 cikin ɗari, kuma ga matsakaicin mutum lafiyar ba ta bambanta sosai ba. Masu son a riƙa biya a nan suke tsayawa. Ci gaban labarin shi ne masu biya sun rage zuwan da ba shi da amfani da mai amfani baki ɗaya, domin mara lafiya ba likita ba ne da zai tantance, kuma talakawa masu hawan jini sun fi samun sauƙi a rukunin kyauta.

A 2008 jihar Oregon ta raba guraben Medicaid da ƙuri'a. Waɗanda suka dace sun ragu da bashi da ciwon damuwa ƙwarai, amma cikin shekara biyu ba a ga wani babban sauyi a awon jininsu ba. Kowane ɓangare na da abin ɗauka a nan, ni dai abin da na ɗauka shi ne aikin inshora na farko kare gida daga rushewa ne.

13. Ba za a iya haɗa biyun ba?

Kusan kowa haɗawa yake yi. A Birtaniya wajen mutum ɗaya cikin goma ko ɗan fiye na da inshorar kamfani irin su Bupa, galibi don tsallake layin da aka bayyana a tambaya ta 8, wasu kuma su biya tiyatar ido ko ƙugu daga ajiyarsu. Sau da yawa likitan da zai yi aikin shi ne dai na NHS, a ranakun da ba ya bakin aiki. A nan masu suka ke cewa ba a ƙara likita ba, an dai sayar da gaban layi, masu karewa su ce kowane mai biya ya rage mutum ɗaya a jeri. A Kanada Kotun Ƙoli ta yanke a 2005, a shari'ar Chaoulli, cewa lardin Quebec ba zai hana mutane sayen inshorar kansu ba alhali ya bar su cikin jira mai cutarwa. A Jamus mai albashi sama da wani mataki na iya ficewa zuwa kamfani, kuma sananne ne cewa ya fi saurin samun ganin ƙwararre.

14. Ingancin maganin fa?

Manyan asibitocin Amurka na sahun gaba a duniya, sabbin magunguna kan fara isa can, kuma masu sankarar mama sun fi daɗewa a raye bayan gano cutar fiye da na Birtaniya. A gefe guda, mutuwar mata wajen haihuwa a Amurka ta fi ta sauran ƙasashe masu arziki. Ƙololuwarta ta fi tsawo, ƙasanta ya fi zurfi.

15. Mu a nan gida, a wane ɓangare muke?

A ɓangare na uku, wanda duk masu musun can suka yarda shi ne mafi muni: biya daga aljihu ranar da ciwo ya zo. A Najeriya sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya haka ake biyansu. Duk wanda ya taɓa jinya ya san yadda abin yake. A yanki kati, a miƙo wa ɗan'uwa 'yar takarda: safar hannu, sirinji, ledar ƙarin ruwa, zaren ɗinki. Ya tsallaka titi zuwa kemis, ya dawo a ce a nemo jini leda biyu, a shiga kiran dangi a waya, kafin la'asar an kai akuya kasuwa ko an jinginar da gona. Ga tsada irin ta aljihu, ga kuma jira, musamman in likitoci sun shiga yajin aiki.

A takarda an yi nisa. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, Najeriya ba ta kusanci haka ba. An ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, a 2005, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, a Mayun 2022 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, da ta mai da inshora wajibi. Jihohi na da nasu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Duk da haka masu rajista wajen miliyan 20 ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, yawancinsu masu albashi, domin manomi da ɗan tireda ba su da takardar albashin da za a yanka. Masu katin ma kukansu sananne ne: a jira lambar amincewa daga kamfanin HMO, wato mai shiga tsakanin asusun da asibiti, ko a ce maganin ya ƙare a je a saya a waje, asibitoci kuma su ce ba a biya su a kan kari ba.

Ghana ta bi wata hanya a 2003, ta ɗora harajin kashi 2.5 kan kayan saye don cika asusun, ta haka har wanda ba ya karɓar albashi ya zuba. Nijar ta mai da tiyatar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a tsakiyar shekarun 2000. Duka biyun jinkirin biyan asibitoci ya yi musu tarnaƙi, wato darasin tambaya ta 9 ne ya sake fitowa.

16. Inshora ta halatta a Musulunci?

Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ta yau da kullum na ɗauke da garari mai yawa, wato rashin tabbas a ciniki, don haka ba ta halatta ba, amma inshorar taimakekeniya da aka gina kan gudummawa ta halatta. A kan wannan tushe takaful, wato inshorar Musulunci, yake: kuɗin na mahalarta ne, kamfani wakili ne mai karɓar ladan aiki, rarar da ta saura kuma ana iya mayar musu. A Sudan aka kafa kamfanin farko a 1979, hukumar kula da inshora ta NAICOM kuma ta fitar da ƙa'idojinsa a Najeriya a 2013. Malamai da dama na kallon asusun gwamnati da ba don riba ba a matsayin taimakekeniya, suna kuma sassautawa inda doka ta tilasta. Mai shakka ya kai wa malaminsa takardar tsarin da ake magana a kai, domin sharuɗɗan sun bambanta daga wani zuwa wani.

17. Zan tafi karatu ko aiki, ko zan kai iyayena ziyara. Me zan shirya?

Mai neman bizar Birtaniya ta fiye da wata shida yana biyan kuɗin lafiya tun wajen cike takardu. An fara wannan a 2015, kuma daga Fabrairun 2024 ya zama fam 1,035 a kowace shekara, ɗalibai da yara fam 776, ana kuma biyan na duk shekarun bizar a dunƙule. Iyali mai mutum huɗu su yi lissafi tun kafin su sa rai. Masu bizar aikin lafiya da kula da tsofaffi an ɗauke musu. Da isarka ka yi rajista da likitan unguwa, kada ka bari sai ciwo ya zo, domin ta hannunsa ake isa ga ƙwararru. Mai ziyara kuwa, a Ingila sashen gaggawa kyauta ne, amma in aka kwantar da shi za a caje shi kashi 150 cikin ɗari na farashin NHS, kuma bashin da ba a biya ba na iya hana shi biza nan gaba.

A Amurka yawancin jami'o'i na tilasta wa ɗalibin waje sayen inshora. Kafin ka zaɓa, duba abu uku da aka yi bayani a tambaya ta 5: kason farko, rufin shekara, da ko asibitin da ke kusa da kai na cikin yarjejeniyar. Baba ko Inna da suka zo ganin jika ba su da Medicare komai shekarunsu, don haka a saya musu inshorar tafiya tun daga gida, a kuma karanta abin da ta ce game da tsohon ciwo, domin da yawa ba sa biyan abin da ya shafi suga ko hawan jinin da mutum ya taho da shi. A taho musu da maganinsu na duk tsawon zaman, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita.